Sunayen da Na Ware Don Kwamfuta Ta Yi Sauri

Kwamfutar ofishin ƙungiyarmu ta 'yan albasa a Fatakwal tsohuwa ce, irin mai akwati a ƙarƙashin tebur. Wani ɗan kasuwa ne ya ba da ita kyauta lokacin da ya sayi sabuwa. In aka kunna ta sai ta yi ta ƙugi kamar keke napep mai hawa gada da lodi. Ba ta son zafi, ga shi ofishin ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano a bayan rumfuna. A kanta na ɗora manhajar da na rubuta, kuma ina jin a kanta na rasa damar da ba na tsammanin zan sake samun irinta.

A garin aka haife ni. Mahaifina ya zo daga arewa tun yana saurayi, ya fara da dako, a hankali ya samu rumfa tasa. Cikin 'ya'yansa ni kaɗai na yi jami'a, na karanta ilimin kwamfuta. Na gama, na yi bautar ƙasa, na dawo gida na shekara uku ina aika takardun neman aiki. Ba zan ce ba a taɓa kirana ba. An kira ni sau biyu, duka biyun aka ce in jira, za a neme ni. Baba bai taɓa yi mini gori ba, amma ya ce in wannan shekarar ma ta wuce babu labari, in zo in kama masa rumfa, don ƙarfinsa ya fara ja baya. Ban ƙi sana'ar da ta ciyar da ni ba. Tsorona kawai shi ne in na shiga, shi ke nan, karatun ya zama abin da na taɓa yi.

Ga yadda aikin ofishin yake. Duk motar da ta sauko daga arewa da albasa, direba zai shigo da takardar kaya. A jikin takardar, da jikin buhunan, akwai sunan maigidan da aka aiko wa kayan, wato wanda zai sauke su a rumfarsa ya sayar. Sakatare zai buɗe babban littafi ya nemo sunan, ya ga lambar rumfa, ya rubuta wa direba takardar shiga da inda zai tsaya a layi. Littafin ya tsufa, damshin garin ya kumbura shi, wasu shafukan sun manne da juna. Albasa kuwa ba ta jira. A wannan gari mai ruwa, kwana ɗaya a mota ƙarƙashin tamfol ya ishe ta ta fara wari.

Ni na je na sami Shugaban ƙungiya na ce zan iya mayar da aikin nan cikin kwamfuta. Na yi kwanaki ina shirya maganar, da na je kuma na faɗi rabinta. Ya saurare ni har na gama.

"In ta yi aiki a nan," ya ce, "zan tafi da kai Anaca, taron shugabanni. In 'yan Anaca da 'yan Inugu suka karɓa, kai za ka riƙa kula da ita a garuruwan uku. Ka ga ka samu aiki ke nan, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne, ranka ya daɗe, in Allah ya yarda.

Wata biyu na yi ina kwafe littafin. A cikinsa ba a taɓa soke sunan kowa ba. In mutum ya rasu, a gaban sunansa ake rubuta addu'a da jan biro, a bar shi a inda yake. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: masu lodi a arewa sunan da iyayensu suka sani shi suke rubutawa a buhu, ko da mai sunan ya shekara ashirin a ƙasa, 'ya'yansa ko yaransa su karɓi kayan. Rumfar Baba ma har yau da sunan maigidansa ake aiko mata, mutumin da ya rasu ina firamare. Kuma a taron shekara, daga saman littafi ake fara karanto sunaye, a yi wa na farko addu'a kafin a zo kan masu rai. Duk na san wannan. Ina so a lura cewa na sani. Da na zo kwafewa sai na yi wa kowane suna ɗan akwati a gefe, wanda ake dannawa in mutum ya rasu, don kada jan biron nan ya ɓace.

Shugaba ya ce a sa hotuna. Masu rai suka kawo ƙananan hotunan katinsu. Iyalan waɗanda suka rasu kuwa manyan hotunan bango suka ciro, masu gilashi. Wata tsohuwa ta aiko da na mijinta a naɗe cikin zane, da saƙon a riƙe shi da kyau. Na kai su shagon da ake ɗaukar hoton takardu, na ce a ɗauka da mafi kyawun da na'urar za ta iya. Mai shagon ya ce za su yi girma da yawa. Na ce ba komai. Ina tsoron wani ya zo ya ga fuskar mahaifinsa dishi-dishi.

A kan laftof ɗina, da sunaye ashirin na gwaji, manhajar tana tashi nan take. Da na ɗora ta a kwamfutar ofis da dukan sunayen, sai ta zama wani abu dabam. A danna ta, allo ya yi fari, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa. Na auna da agogon wayata: kusan minti huɗu kafin jerin sunaye ya fito. In kuma aka fara neman suna, kowane harafi sai ta sake tsayawa.

Sakatare dattijo ne mai barkwanci, tun ina yaro yake tsokanata.

"Injiniya," ya ce, "in kunna ta in je in yi alwala in dawo, ko in haɗa da sallar gaba ɗaya?"

Na ce zan gyara, Kawu.

"E don hang again," ya ce wa direban da ke tsaye da Turancin broka, wai ta sake ƙamewa, yana nuna allon da haɓa. Direban, wanda ya kwana biyu a hanya, ya ce, "Malam, don girman Allah ɗauko littafin nan. Albasata tana dahuwa a waje."

Ya ɗauko littafin.

A jami'a wani malaminmu ya sha gaya mana cewa kada mu taɓa manhaja mai nawa sai mun auna mun ga inda lokacin yake tafiya. Ban manta ba. Amma ban auna ba, kuma har yau ban tabbatar da dalili ba. Wataƙila gani nake na riga na san amsar. Wataƙila kuma tsoron abin da zan gani nake, kada ya zama ginin gaba ɗaya ne ba daidai ba. Sai na kama zato, ina gyara duk abin da na tuna an ce yana jawo nawa.

Na yi wa rumbun da manhajar ke ajiye bayanai a ciki fihirisa a kan sunaye, don ya daina bin su ɗaya bayan ɗaya daga farko. Na hana manhajar fara nema da kowane harafi, sai mai rubutu ya ɗan dakata. Na ga ashe duk lokacin da take son abu daga rumbun sai ta buɗe shi ta rufe, na sa ta buɗe sau ɗaya ta riƙe. Na cire launuka da kwalliyar da na ɓata sati ina yi. Duk waɗannan gyare-gyare ne na gaskiya, ba na jin akwai wanda zai ce kuskure ne. Neman suna ya yi sauƙi sosai. Amma tashin farko bai motsa ba sai kaɗan. Ina da ɗan littafi da nake rubuta awon kowace rana, kuma bayan sati uku abin da na rage bai kai rabin minti ba.

Saura kwana uku tafiya Anaca, ina zaune a ofis da rana, ruwa yana dukan kwano, sai tunanin ya zo mini. Sunayen ne suka yi yawa. Na duba, waɗanda aka danna wa akwatin nan sun fi kashi ɗaya cikin uku. Layi ɗaya kawai na ƙara a kod ɗin, wato rubutun umarnin manhajar: a nuna waɗanda akwatinsu babu komai. Na sake kunnawa. Kafin in ƙirga goma jerin ya fito.

Na kashe na kunna sau uku don kada ya zama idona ne. Sai na yi wani ɗan maɓalli a ƙasan allo, na rubuta masa "Ajiya", wanda in an danna sauran sunayen za su fito. Na gaya wa kaina ban goge kowa ba, suna nan. Na kuma ce zan yi wa Sakatare bayani in ya shigo.

Ya shigo, na kunna masa, ya tafa hannu.

"Kai! Me ka ba ta ta sha? Injiniya, ashe dai kuɗin makarantar bai tafi a banza ba."

Shekara uku ban ji wani ya yaba aikina ba. Na buɗe baki zan yi maganar, na ce bari sai gobe. Gobe ta zo yana ta shirin tafiya, motocin da suka shigo kuma da littafi ya sallame su kamar yadda ya saba. Na ce to, sai mun dawo.

Shugaba ya ce da kwamfutar ofis ɗin za mu tafi, don su ga ko tsohuwa ma tana ɗauka. Na naɗe akwatin da bargo na rungume shi a cinya tun daga tasha har Anaca, duk ramin da bas ta faɗa sai gabana ya faɗi. Sakatare ya riƙe allon, yana cewa mutane su matsa, amarya ce.

A wani ɗaki a saman sito aka yi taron, ba nisa da Kasuwar Relief. Dattawa wajen goma sha biyar a kan tabarmi da kujerun roba. Aka daɗe ana gaisawa, ana tambayar gida da kasuwa da hanya, ni kuma ina durƙushe a gefe ina haɗa wayoyi. Aka tayar da janareta a ƙasa. Da aka ba ni dama na kunna, ta tashi nan da nan. Na nemo sunan Shugaba, hotonsa ya fito, aka yi dariya don a hoton ba shi da furfura. Na buga takardar shiga a firinta, ta zaga hannu-hannu. Shugaban 'yan Inugu ya tambaya ko za ta yi wa masu tumatir ma, na ce ina jin za ta yi, in an ɗan canza wasu abubuwa. Na ga Shugabanmu yana gyaɗa kai. A wannan lokacin, in faɗi gaskiya, har na fara tunanin ɗakin da zan riƙa sauka in na zo Anaca.

Shugaban 'yan Anaca shi ne mafi tsufa a ɗakin. Sai ya ɗaga sandarsa ya nuna ni.

"Yaro, ɗan wa ne kai?"

Na gaya masa. Ya ce ya san Baba tun yana dako.

"To, nemo mini yayana. Da shi aka kafa ƙungiyarku ta Fatakwal. Shi ne na uku a littafinku."

Ya faɗi sunan. Na san sunan, ni na kwafe shi, na kuma tuna hoton, wani dogon mutum da rawani. Na san abin da zai faru, amma yatsuna suka rubuta, don ban san me zan yi ba in ban rubuta ba. Allo ya nuna saƙon da ni da kaina na tsara. Wani da ke kusa ya karanta da ƙarfi, don dattijon ba ya gani sosai.

"Wai babu wannan suna."

"Babu?" in ji dattijon. "Satin da ya wuce aka yi lodi daga gida da sunansa."

"Yana nan, Alhaji," na ce. "Yana cikin ajiya. Yanzu zan fito da shi."

Na danna maɓallin. Allo ya yi fari, zoben ya fara juyawa. Ana jin janareta, ana jin masu baburan okada suna faɗa a titi. Na kalli Sakatare, ya kalli ƙasa.

"Su wa da wa ke cikin ajiyar?" dattijon ya tambaya.

"Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ranka ya daɗe."

"Dukansu?"

"Dukansu."

"Wa ya ce a ware su?"

"Ba kowa. Ni ne. Don ta yi sauri ne, Alhaji. Suna yi mata nauyi."

Na ji maganar a kunnena bayan ta fita. Wani ya yi salati a hankali. Dattijon ya jingina da bango.

"Nauyi," ya ce. "To, ni ma saura kaɗan. In na tafi, kai za ka zo ka ɗauke ni ka kai can, ko an koya mata ta yi da kanta?"

Mutum biyu suka fara dariya suka haɗiye. Tambayar ba ta neman amsa, yanzu na gane. Amma ni tun ina yaro in babba ya tambaye ni sai na amsa daidai.

"Akwai ɗan akwati a gefen suna, Alhaji. Sakatare ne zai danna, sai ita ta..."

"Ni?" in ji Sakatare. "A'a wallahi. Kar ka sa ni a ciki, ɗan nan."

Zoben bai daina juyawa ba. Ban auna ba, amma ina jin ya fi minti uku. Daga ƙarshe jerin ya fito, na nemo sunan, hoton ya cika allo, tas da shi, har zaren rawanin ana gani. Aka kama dattijon ya matso. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, aka yi addu'a aka shafa. Ya ce a kawo abinci. Ba a sake maganar kwamfuta ba har aka tashi.

A bas ɗin dawowa Shugaba bai yi mini faɗa ba. Sai da muka kusa gida ya ce, "Da ka tambaye ni." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Labarin ya riga ni isa. Na tarar da Baba a rumfa yana ware albasar da ta fara lalacewa. Na gaishe shi ya amsa, bai ɗago ba.

"Har da maigidana?"

"Har da shi, Baba."

Ya ci gaba da aikinsa. Na tsaya kaɗan, na ga ba zai ƙara ba, na wuce.

Sai bayan nan na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na sa agogo a cikin kod ɗin, a farkon kowane mataki da ƙarshensa, ya rubuta mini tsawon lokacin da ya ci. Yini ɗaya bai cika ba na ga amsar. Karanto sunayen, dukansu, ko daƙiƙa ɗaya ba ya kaiwa. Hotuna ne. Duk lokacin da manhajar za ta tashi sai ta ɗauko kowane hoto da cikakken girmansa, ta cusa shi a ƙwaƙwalwar kwamfutar, sannan ta ƙanƙanta shi ya zama kamar kan sarki don ya shiga jerin. Hotunan masu rai ƙanana ne dama. Manyan su ne na bangon nan da na ce a ɗauka da mafi kyau. Shi ya sa da na ware mamatan ta yi sauri, ni kuma na ɗauka na gano ciwon.

Gyaran bai kai layi talatin ba. Na sa ta yi wa kowane hoto ƙaramin kwafi sau ɗaya ta ajiye. Na sa ta riƙa ɗauko na sunayen da ke kan allo kawai, sauran sai an gangaro kansu, babban hoto kuma sai an danna. Na kuma sa ɗaukowar ta riƙa gudana a bayan fage, don allo ya daina ƙamewa. Na cire maɓallin ajiya, na mayar da kowa wurinsa, na farko a sama kamar yadda suke a littafi, da addu'arsu da ja. Ta fi ranar Anaca sauri.

Na kai wa Sakatare. Na tarar an rufe kwamfutar da tsohon zane, an ɗora buta a kai. Ya bar ni na kunna, ya duba, ya ce ma sha Allah. Bai kira ni Injiniya ba.

"Ka yi ƙoƙari, ɗana. Amma ba ni ke yanke hukunci ba. Shugaba ya ce a bar maganar ta huce."

Na jira wata biyu ba ta huce ba. Sai na ɗauki laftof na tafi Inugu ni kaɗai, don na tuna shugabansu ne ya yi tambayar tumatir. Ya karɓe ni da kyau. Ya tambayi Baba, ya tambayi ruwan Fatakwal, ya sa aka kawo tuwo. Da na kai hannu ga jakata sai ya ce, "Bar ta, ka huta tukuna."

Na yi masa bayanin hotunan da baki. Ina jin na tsawaita, don na ga ya fara kallon ƙofa. Na ce laifina ne, ba na mamatan ba, ba kuma na kwamfuta ba, kuma yanzu kowa yana wurinsa.

"Na yarda da kai," ya ce. "Wallahi na yarda. Amma in na kai ta gaban mutanena, ba za su ce ga wadda aka gyara ba. Za su ce ga wadda ta cire iyayenmu. Ni kuma da me zan amsa? Hotuna sun yi nauyi?"

Na ce ko minti biyar ne ya gani da idonsa.

"In na gani sai ta ba ni sha'awa, in rasa yadda zan yi da kai. Ci abincinka."

Washegari ya sa aka raka ni tasha, ya ce in gaida Baba.

Wani lokaci ina cewa a raina wataƙila ko ban yi kuskuren ba da ƙarshe ba za su karɓa ba, da wani dalilin ya fito. Ban sani ba. Ba na jin haka ne, don na ga fuskokinsu kafin dattijon ya ɗaga sanda.

Abin da ya rage shi ne in koma Anaca in durƙusa gaban dattijon nan, ba da laftof ba, in ba shi haƙuri kawai, ko daga nan wani abu zai buɗe. Na rubuta abin da zan faɗa, na gyara shi ya fi sau goma, kullum sai in ga akwai kalmar da za ta iya ɓata masa rai. Ban je ba tukuna. Kakar albasa ta shigo, motoci sun yi yawa, ƙafar Baba kuma ba ta barinsa ya daɗe a tsaye, dole wani ya tsaya wajen saukewa.